Laffaya a Zauren Girgiza

Sanyi ne ya fara yi mini sannu da zuwa a Japan, tun kafin wani mahaluki ya buɗe baki. Na fito daga filin jirgi cikin laffayata mai ruwan hanta, duwatsunta suna walƙiya daga kai har idon sawu, ina taku irin na matan Limanti, unguwarmu a Maiduguri, ranar biki, sai iska ta shigo ta ƙasa ta tsula mini bulala a ƙwauri. Bitrus, abokin tafiyata, yana baya yana fama da akwatuna.

"Hajiya, ki rage sauri. Ba kasuwar Gamboru za mu ba."

"In na tsaya daskarewa zan yi, Ɗan Biu. Ku da kuka tashi a kan dutse kun saba."

Bitrus injiniya ne a wurin aikinmu, mutumin Biu mai zama a Jiddari Polo, wanda ya bi makaranta tiryan-tiryan tun daga firamare har digiri na biyu. Ni kuwa Falmata, ban riƙe biro ba sai da na yaye autana. A ajin yaƙi da jahilci na fara, a kan tabarma, 'ya'yana suna leƙe ta taga suna ƙyalƙyala mini dariya. Daga nan sakandaren manya, daga nan kwalejin fasaha, ina zaune benci ɗaya da sa'o'in 'yata. Na fito na samu aiki a ɗakin gwajin kayan gini, ina fasa siminti ina lanƙwasa rodi don a san ƙarfinsu.

Abin da ya kai mu Japan shi ne, wata cibiyar bincike a can, wadda aikinta jarraba ginin tashar nukiliya a ga ko zai jure girgizar ƙasa, ta yi alkawarin ba ɗakin gwajinmu kyamarori masu auna motsin gini daga nesa. Mu ba mu da nukiliya a Barno, amma muna da gadoji da madatsar ruwa da benaye masu tsagewa, kuma duk wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa garinmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba mai taɓa kyamarorin in sun iso sai wanda yake da takardar shaidar cewa shi da hannunsa ya sarrafa su a babban gwaji. A wurin aiki wasu sun ce a tura yaro mai jini a jika, me tsohuwa za ta koyo. Na ji su sarai. Takardar nan na je ɗaukowa.

Zangonmu na farko Tokyo, a hannun wani ɗan garinmu, Alhaji Tijjani, wanda mijin ƙanwata ya haɗa mu da shi. Da ya ce mini "Lale, lale, Ya Falmata" da harshen gida a tsakiyar wannan taron mutane marasa magana, sai na ji zuciyata ta narke kamar man shanu a rana. Ya kai mu gidansa, matarsa ta yi mana shinkafa da miya. Muna ci ya ɗaga hanci.

"Ya Falmata, turaren wuta kika zo da shi?"

Na ce jaka guda, da humra, haɗin Ya Kaltum yayata, wadda duk Limanti an san hannunta. Ya dafe kai. Ya ce masaukin cibiya ba a kunna ko ashana, in suka ga garwashi 'yan sanda za su kira, gara in bar masa ajiya har ranar komawa. Na ba shi da hannuna har ina godiya. Bayan mako biyu wayarsa ta daina shiga. Bayan wata guda wata 'yar Chadi da na haɗu da ita a masallaci ta nuna mini hoto a wayarta: matar Alhaji tana tallar turaren wuta "sabon zuwa daga Maiduguri", a cikin kwalaben Ya Kaltum, ko ƙyallen da ta ɗaure murafun da shi ba su cire ba. Maganar hana kunna wuta a masauki gaskiya ce, wannan ban zalunce shi ba. Sauran kuwa, na bar shi da Mai Sama.

Daga Tokyo jirgin ƙasa ya kwashe mu zuwa wani ƙaramin gari a bakin teku. Na shiga taragon na yi sallama kamar yadda aka tarbiyyantar da ni, ba wanda ya ko ɗaga kai. Mutum ya cika ko'ina amma tsit, kamar an yi rasuwa an hana kuka. Bitrus ya ja gefen laffayata.

"A nan ba a gaisuwa a jirgi, Hajiya."

"To su suka sani. Ni na sauke nawa."

Mai kula da masaukinmu wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, bayanta ya ranƙwafa. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarenta, sunanta ma ya ƙi zama a bakina, sai na sa mata Kaka, ita kuma ta karɓa. Ita ta lura ba na cin abinci. Shinkafarsu fara ce sol, mai danƙo, ba gishiri ba mai, in ka saba da 'yar Zabarmari mai warwara sai ka ga kamar an dafa auduga. Nama ban san yankansa ba, na bar shi. Na rame har zoben hannuna yana juyawa. In na kwanta burabisko da miyar kuka nake gani, da hayaniyar 'yan Keke Napep a bakin layinmu, abin da a gida nake tsine wa. Wata rana na dawo na tarar da gasasshen kifi a bakin ƙofata da 'yar kwalbar garin barkono. Wata rana kuma Kaka ta gan ni ina karkarwa a hanyar fita, ta shiga ɗaki ta fito da wata doguwar rigar sanyi baƙa mai hula, ta nuna hoton mijinta marigayi a bango, ta nuna ni. Na sa. Ta rufe ni ruf daga kai har ƙasa. Duk lokacin sanyin nan a cikinta na yi aiki, laffayata tana ciki ba mai ganinta.

Ranar da ƙasa ta fara motsawa muna ɗakin cin abinci da rana. Kofuna suka yi ƙara, fitilu suka fara lilo, na ji abin ya taso ta tafin ƙafata. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba, ruf da ciki, hannuwa a kan ƙeya, ina salati ina kiran sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ina jiran ƙarar da takan biyo baya da ihun mutane. Ba ƙara, ba ihu. Na ɗaga kai, na ga Bitrus kwance kusa da ni, shi ma hannu a ƙeya, yana kiran Yesu. Japanawa kuwa kowa ya dafe kwanon miyarsa don kada ta zube, suna jira abin ya wuce.

Muka tashi muna kaɗe jiki. Wani matashin injiniya ya ce cikin ladabi, ai wannan ƙarama ce, kada mu ji tsoro. Na ce masa da Turancina, wanda na koya da girma, ƙashi ne zalla ba tsoka: "A garinmu ƙasa ba ta motsi sai in wani ya motsa ta." Bai gane ba. Bitrus ya gane, kuma daga ranar ya kan kira ni Yaya in ba kowa.

Zauren gwajin kuwa, jirgin sama zai shiga ya juya. A tsakiya akwai teburin ƙarfe, faɗinsa ya fi tsakar gidanmu, ƙarƙashinsa manyan hannuwan ƙarfe masu tura shi gaba da baya, sama da ƙasa, yadda girgizar ƙasa take yi. A kan teburin an ɗora ɗan ginin siminti mai zagayayyen kai kamar rumbu, kwaikwayon ginin da ake rufe tukunyar nukiliya da shi. Ba guba a ciki, siminti ne da rodi kawai. Sai da na rantse wa Ya Kaltum a waya kafin ta yarda ba zan dawo da sanƙo ba.

Shugaban gwajin Dakta Sawada ne, siririn dattijo mai furfura, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ban kuma taɓa ganin haƙoransa ba. Shi ya koya mana dalilin abin. A da, in za a auna motsin gini sai a manna masa na'urori da wayoyi, kamar majinyaci a gadon asibiti. To in bango ya tsage wayar takan tsinke daidai lokacin da aka fi bukatar labari, kuma a tashar nukiliya ta gaske akwai wuraren da hannun mutum ba ya zuwa. Shi ya sa ake jera kyamarori can nesa, a bayan shinge, ba sa taɓa ginin ba sa taɓa teburin. A jikin ginin ana liƙa 'yan ƙwallaye masu ƙyalli kamar ƙwayar gurjiya. Kyamarorin suna fitar da wani haske da ido ba ya gani, ƙwallayen su mayar musu da shi, kwamfuta ta bi kowane ɗigo ta faɗi nisan da ya gusa, ko da kaurin gashi ne. Kyamarorin ba sa ganin mutum, ba sa ganin bango, abin da ke ƙyalli kawai suke gani.

Kafin kowane gwaji sai an saita su: mutum ya riƙe wata sanda mai ƙwallaye ya yi ta kaɗa ta a gabansu yana zagaye, sak mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Na yi ta yi har kafaɗata ta ƙage. Na ɓata, an ce in sake, na sake. Na haddace wace waya ke shiga wane rami. Ban fi kowa ba, amma ba wanda ya riga ni isowa zauren, kuma Dakta ya ba ni kyamarorin gefen hagu, ya ba Bitrus na dama.

Sanyi ya janye, itatuwa suka yi fure. Aka sa ranar gwajin share fage, wanda za a girgiza ginin a hankali don a tabbatar komai ya zauna kafin babban gwaji, aka kuma ce manyan cibiya za su sauko kallo. To mu a Barno, in rana mai girma ta zo ba a tararta da tsumma. Da zan taho, Ya Kaltum da matan layinmu ne suka haɗa mini akwati, suka ce ba za ki je ƙasar mutane ki kunyata mu ba, don haka duk laffayar da ke ciki mai dutse ce. Na rataye rigar mijin Kaka, na zaɓi wadda ta fi duka haske, koriya shar, na ɗora hular kwano a kai na shiga zaure. Bitrus ya yi fito.

"Hajiya, amarya za a kai ko gini za a girgiza?"

"Rufe mini baki. Kai ma da ka samu da ka sa."

Aka kunna teburi, ginin ya fara rawa kaɗan-kaɗan. Ni ina kai-komo a bayan shinge ina duba wayoyina. Sai ƙararrawa ta tashi. Allo ya nuna kan ginin ya yi tsalle gefe har kamu guda, ya dawo, ya sake tsalle. Aka kashe teburi nan take. Manya suka kalli juna. Kwana biyu injiniyoyi suna hawa tsani da tocila suna neman tsaga a jikin ginin, ba su samu ko ta allura ba. A rana ta uku Dakta ya tara mu, ya sa aka buɗe ainihin abin da kyamarorin dama suka ɗauka. Allo baƙi ƙirin, ga ɗige-ɗigen ginin a tsakiya a jere. A bayansu kuma ga wani garken taurari yana tafiya, ya je hagu ya dawo dama, yana rangaji, da kafaɗa da ƙugu da komai. Duk lokacin da garken ya gifta bayan ginin, sai kwamfuta ta rikice ta ɗauki tauraro ɗaya a matsayin ƙwallon kan gini ta bi shi.

Ba wanda ya juyo ya kalle ni. Wannan ya fi kallon ciwo. Bitrus ya raɗa mini, "Yaya, ke ce. Har tafiyar."

Japanawa ba sa cewa a'a, sai dai su shimfiɗa maka tabarma su naɗe ta kana kai. Washegari Dakta ya ce an samo mini aiki mai muhimmanci ƙwarai a bene, a ɗaki mai gilashi, inda zan riƙa jera bayanan gwaji kuma in ga komai daga sama. In kuwa ina son zama a ƙasa, ga kayan aiki. Ya miƙo mini riga da wando a haɗe, ruwan toka, irin wadda kowa ke sawa. Tun farko sun ba ni ita, na ajiye, suka kau da kai saboda ni baƙuwa ce. Yanzu kau da kai ya ƙare. Na tambaye shi kai tsaye: wanda ya zauna a bene wace takarda ake ba shi? Ya ce ta halarta kawai.

Na ware kayan a gaban Bitrus a baranda. Buhun siminti ne aka yi wa ƙafafu.

"Ki sa mana, Yaya. Wata biyu ne ya rage. Wa zai gani a Limanti?"

"Ni zan gani."

"Ba fa tsirara ba ce. Ki ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hula, shi ke nan. In kika ja da su sai su fasa ba mu kyamarorin gaba ɗaya, mu koma hannu rabbana."

"Injiniya, kai da aka haifa da wando ba za ka gane ba. Na yi aji da yaran da suka kira ni Kaka, ban cire laffaya ba. Na ɗauki bulo a ɗakin gwaji, ban cire ba. Yanzu da jikoki zan tsaya gaban maza ashirin ƙuguna a waje, don na'ura ta ga dutse? Ai ba da ni take faɗa ba, da dutsen take."

"To ki je ki gaya wa Dakta haka."

Da gatse ya faɗa. Na yi kwanaki a ɗakin gilashi ina kallon wani yana kaɗa sandata a gaban kyamarorina, yana yi kamar mai jin barci. A can ba a shiga ofishin babba sai an nemi izini an sa rana. Ni na ƙwanƙwasa na shiga. Dakta ya miƙe tsaye don mamaki.

Na ce, "Dakta, na ɓata muku kwana biyu, na ji, kuma ba zan sake ba. Amma ku masu gwaji ne, me ya sa kuka yanke mini hukunci ba gwaji? Ranar Litinin zan zo da laffaya. Ku tsayar da ni a gaban kyamarorin duka. In suka gan ni, ko ɗigo ɗaya ne, ba sai kun kai ni bene ba, gida zan tafi da ƙafata. In ba su gan ni ba, ku ba ni gefen haguna."

Ya ce akwai kuma maganar sakakken zane, yana iya maƙalewa a ƙarfe. Na kama bakin laffayar a gabansa na naɗe, na zagaya da shi a ƙugu na ɗaure tamau, yadda matan Zabarmari suke yi in za su shiga yankan shinkafa da lauje. Na ɗaga hannuwa na juya. Ya daɗe yana kallon ɗaurin. Ya ce, "Litinin."

Sai da na fito na tuna ba ni da laffaya marar dutse, kuma a garin nan ko a mafarki ba a sayar da ita. Ranar Lahadi da hantsi na shimfiɗa mai ruwan hantar nan a falon masauki, wadda Ya Kaltum ta zaɓa da kanta, na fara ɓanɓarar duwatsun da farce. Suna fita da zare, yadin yana hujewa. Kaka ta tsaya a kaina tana girgiza kai, ta yi wani dogon jawabi da ban ji ko kalma ba amma na san faɗa ne. Ta tafi ta dawo da dutsen guga da tsinken cin abinci da kofin shayi. Ta kifa yadin, ta ɗora guga ta baya har gam ɗin ya yi laushi, ta juya ta tsince dutse da tsinke, ƙwas, cikin kofi. Ni guga, ita tsinke. Na yi mata waƙar daka ta garinmu, ta yi mini wata tata mai jan rai. Da la'asar kofi ya cika, laffaya ta zama fili fetal, duk inda dutse ya tashi ya bar ɗan tabo. Na ɗaga ta na duba, ƙwalla ta zo mini, na mayar da ita.

Litinin zauren ya cika, har masu shara sun sami dalilin wucewa. Na tsaya a filin da ke gaban teburi, ɗamara a ƙugu, hular kwano a kai, na cire zobe da 'yan kunne na ba Bitrus. Aka juyo da babban allo yadda ni ma zan gani. Aka kunna. Baƙi. Na yi tafiya, baƙi. Na juya, na durƙusa, na ɗaga hannu, baƙi ƙirin. Daɗi ya kama ni, na dubi Bitrus na ce da Hausa, "Ka gani ko, Ɗan Biu?"

Ɗigo ya haska a allo, ya ɓace.

Na shafa yadin ko'ina ina neman dutsen da ya tsere mana, ban ji komai ba. Allo ya koma baƙi. Na ce, "Wallahi babu saura," ɗigon ya sake ƙyaftawa. Ni na ce ko ɗigo ɗaya, kuma ba a san ni da mayar da magana ciki ba. Na fara kwance ɗamarata. Na ce a raina, Falmata, bakinki ya kai ki inda ya saba kai ki.

Dakta ya ɗaga hannu. Ya sauko daga wurin kwamfuta ya zo gabana, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in faɗi sunana. Na faɗa. Ɗigo. Ya ce in yi shiru. Baƙi. Ya ce in sake faɗa. Ɗigo. Sai na ji wani irin sauti daga gefe, ashe Bitrus ne ya durƙushe yana riƙe ciki.

"Haƙorin Makka! Yaya, haƙorinki ne!"

Haƙorin zinaren da na sa shekarar da na sauke farali, har na manta yana bakina. Dakta ya rufe bakinsa da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa sai ya ce, a hankali yadda zan gane, yarjejeniyarmu a kan tufafi ce, kuma tufafi sun ci gwaji. Saura baki. Ya sa hannu a aljihu ya ciro sabon takunkumi, irin wanda suke sawa in suna mura, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na karɓa. Na ce da Hausa, "Kyamara ce ta farko da ta taɓa sa ni rufe baki. Mijina marigayi ya yi shekaru yana nema bai samu ba." Bitrus ya ƙi fassara musu, ya ce ba da shi ba.

Ranar babban gwaji na saita gefen hagu da hannuna, na kaɗa sanda har allo ya nuna kore. Dakta ya bi mu ɗaya-ɗaya yana tambaya, da ya zo kaina na ɗaga hannu na ce a shirye, ta cikin takunkumi. Aka saki teburi. Wannan karon ba wasa. Ƙarfe ya yi ruri, ginin ya fara jifa da kansa, ƙasan zauren tana bugawa a ƙirjina. Ban ɗauke ido daga ɗige-ɗigena ba. Siminti ya yi ƙara, tsaga ta tashi daga gindin bangon hagu ta haura, ƙura ta tashi, ɗige biyu da suke maƙwabta suka rabu a allo, kyamarorina suna biye da su ba su saki ko ɗaya ba, har teburi ya lafa.

Aka kashe hasken kyamarori. Injiniyoyi suka sunkuya a kan allo suna gyaɗa kai, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu ta'aziyya. Dakta ya duba layukan gefen hagu tun daga farko har ƙarshe, ya ɗago ya ce, "Hagu, cikakke. Falmata ce ta sarrafa." Wani ya rubuta.

Na tambaye shi, "An gama auna?"

Ya ce an gama.

"Ba abin da bakina zai ɓata?"

Ya ce babu.

Bitrus ya ga hannuna ya nufi kunne, ya ce, "Yaya, don Allah, ba a nan ba."

Na ja takunkumin ƙasa, na ɗaga kai, na rangaɗa guɗa. Ta daki rufin zauren ta dawo, na ƙara mata wata.